Fata Ruwan Toka: Yadda Ake Fentinta a Jikin Ƙananan Mutum-Mutumin Almara

Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani wasa da manya da yara ke yi a bisa tebur, wanda ba a cika saninsa a wajenmu ba. Mutum biyu ko fiye ne za su jera rundunonin ƙananan mutum-mutumi, kowa da tasa, suna auna tazara da tef, suna jefa irin ɗan abin nan mai ɗigo-ɗigo na wasan ludo domin a san wanda ya yi galaba. Wasu daga cikin waɗannan mutum-mutumi siffar sojojin tarihi gare su, wasu kuwa siffar halittun almara, wato dodanni da wadanni da matsafa da matattun da suka tashi daga kabari. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, yawancinsu ba a sayar da su da fenti. Wanda ya saya shi ne zai harhaɗa gaɓoɓinsu da gam, ya zauna da buroshi ya ba kowane ɗaya launinsa. Da yawa daga masu wannan sha'awa ma fentin ya fi ɗauke musu hankali a kan wasan kansa.

Wannan maƙala za ta taɓa ɓangare ɗaya ne tak na wannan aiki, wato yadda ake fentin fata ruwan toka. A ido abu ne mai sauƙi, don kuwa ɗan firamare ma ya san in aka haɗa baƙi da fari za a sami ruwan toka. To amma a nan ne gizo ke saƙar. Duk wanda ya bi wannan hanya, in ya gama zai ga dutse ne a hannunsa. Za a yi ƙoƙarin bayyana dalilin haka, da kuma yadda gwanayen aikin ke kauce masa.

Asalin abin a taƙaice

A shekarar 1913 marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya fitar da wani ɗan littafi mai suna Little Wars, inda ya tsara dokokin wasan yaƙi da 'yan sojojin dalma na yara. Halittun almara kuwa sun shigo da ƙarfinsu ne bayan 1974, shekarar da Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da wasan Dungeons & Dragons a Amurka. Shekara guda bayan nan aka kafa kamfanin Games Workshop a Landan, wanda daga baya ya mayar da hedkwatarsa birnin Nottingham. Reshensa mai ƙera mutum-mutumin, Citadel Miniatures, ya soma aiki a 1979, wasan Warhammer ya fito a 1983, ƙanensa Warhammer 40,000 ya biyo baya a 1987. A wannan shekarar ce kuma kamfanin ya fara gasar fenti mai suna Golden Demon, wadda masu wannan aiki ke ji da ita ƙwarai.

Da fari da dalma ake zuba su. Da aka yi ta ƙorafi kan illar dalma ga lafiya, sai a shekarun 1990 kamfanoni suka koma ga wani haɗin ƙarfe mai yawan kuza, daga baya kuma roba ta mamaye kasuwar. Tsawon mutum ɗaya a cikinsu yakan kama daga milimita 28 zuwa 32, wato bai kai tsinken ashana ba, kansa kuwa kamar ƙwayar dawa yake ko ya ɗan ɗara. A kan wannan 'yar ƙwayar ake son a ga goshi da kumatu da leɓe da ido. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan a ransa, ya kuma riƙe cewa robar da Games Workshop da wasu kamfanoni da dama ke zuba su da ita, ita kanta ruwan toka ce.

Su wa ke da irin wannan fata?

Suna da yawa. A cikin Dungeons & Dragons akwai wasu wadanni mazauna ƙarƙashin ƙasa da ake kira Duergar, waɗanda laƙabinsu ma ke nan, wadanni ruwan toka. Akwai ƙattin duwatsu, akwai kuma mayaƙan nan masu haure da ake kira Orc, waɗanda bugun wasan na 2014 ya siffanta fatarsu da toka-toka, duk da cewa a Warhammer korra ne shar. A Warhammer 40,000 akwai wata al'umma mai suna Tau da aka shigo da ita a 2001, fatarsu ruwan toka ce mai shuɗi-shuɗi. Wanda ya kalli fim ɗin The Lord of the Rings na Peter Jackson, kashi na farko da ya fito a 2001, zai tuna da ƙaton dodon kogon nan da ya far wa jaruman a cikin ramin Moria. Shi ma an yi mutum-mutuminsa. Sai kuma dangin matattu: gawa mai tafiya, da maciya gawa, da masu shan jini.

Ke nan ba fata iri ɗaya ake magana a kai ba. Akwai ta mai rai da lafiya, akwai ta matacce, akwai kuma ta halittar da aka ce daga dutse ta fito. Ta ƙarshen nan ce kaɗai haɗin baƙi da fari zai iya yi wa wani abin kirki.

Ni da hannuna na gane haka. Wani ɗan'uwana da ya yi karatu a Ingila ya taɓa kawo mini tsarabar 'yan dodanni guda biyar da 'yan kwalaben fenti. Na zaɓi mafi girma a cikinsu, na haɗa baƙi da fari, na kwashe yammaci biyu cur ina shafawa, duhu a nan, haske a can. Da na gama na ɗora shi a kan tebur ina jiran yabo. Abokin ɗakina ya shigo, ya ɗauka ya jujjuya shi, ya ce, “To malam, yaushe za ka fara fentin?” Ba zolayata yake yi ba. Da na kwatanta shi da sauran huɗun da ban taɓa ba, sai na ga gaskiyarsa.

Me ya sa baƙi da fari ba su isa ba?

Fatar ɗan'adam ba kamar bango take ba. Haske yakan ratsa ta kaɗan, ya yi karo da abin da ke ciki, sannan ya dawo ga idon mai kallo. Abu biyu ne suka fi ba ta launi. Na farko shi ne sinadarin melanin, wanda yawansa ko ƙarancinsa ke sa a ce wane baƙi ne, wane wankan tarwaɗa, wane fari. Na biyu shi ne jinin da ke gudana a ƙananan jijiyoyin da ke ƙarƙashinta. Duk wanda ya taɓa rufe bakin tocila da hannunsa cikin dare ya ga yadda yatsunsa suka yi jajir. Wannan jan yana nan kullum, ko ba tocila, kuma ido ya saba da shi tun muna jarirai, ta yadda da zarar babu shi sai zuciya ta ƙi yarda cewa abin da ake kallo yana numfashi.

Mu da muka san hunturu muna da misali a kusa. Yaron da ya yini a waje bai shafa mai ba, ƙafarsa takan yi furu-furu kamar an barbaɗa mata toka. Amma ko a haka ba mai cewa ƙafar dutse ce, domin launin fatar na asali yana leƙowa ta ƙarƙashi, musamman a gwiwa da idon sawu da tsakankanin yatsu. Irin wannan ruwan tokar ake nema, wanda wani launi ke kwance a ƙarƙashinsa.

Masu zanen Italiya na dauri sun san wannan sarai. Wajen shekarar 1305, Giotto ya yi wa wata 'yar majami'a a birnin Padua zane, a ƙasan bangon kuma ya jera siffofin mutane goma sha huɗu masu wakiltar kyawawan halaye da munana. Waɗannan da launin toka-toka kawai ya zana su, kuma da gangan ya yi, domin so yake mai kallo ya ɗauka sassaƙen dutse ne. Dabarar ta ci, har ta zama salo mai zaman kansa a zanen Turai. Wato abin da ni na yi cikin rashin sani, hanya ce da aka daɗe da sanin cewa dutse take haifarwa.

Kimanin shekara ɗari bayan Giotto, wani mai zane mai suna Cennino Cennini ya rubuta littafin koyar da sana'ar. A ciki ya bayyana cewa in za a zana fuska, sai a fara shimfiɗa wani koren launi na ƙasa, sannan a bi shi da launin fata da ɗan ja a kumatu da leɓe, ta yadda koren zai riƙa ɗan leƙowa a wuraren inuwa. Da ya zo kan yadda ake zana gawa kuwa, sai ya ce a bi hanya ɗaya amma kada a sa jan nan ko kaɗan, saboda matacce ba shi da launi. A ganina duk wanda zai yi fentin fata ruwan toka, wannan ne darasinsa na farko: ɗan jan nan shi ne iyaka tsakanin rayayye da matacce.

Haɗa launin

A Hausa suna ɗaya muka ba shi, ruwan toka, in bai cika ba mu ce toka-toka. Amma ita tokar ma ai ba iri ɗaya ba ce. Wanda ya taɓa kwashe murhu ya san tokar kara daban, ta itace daban, wata ta yi haske wata ta yi duhu, wata ma da ɗan jaja-jaja. Masu fenti sukan raba ruwan toka gida biyu. Wanda ya karkata wajen ja ko rawaya ko ruwan ƙasa shi suke kira mai ɗumi, wanda ya karkata wajen shuɗi ko kore kuma mai sanyi. Kafin a tsoma buroshi sai an yanke shawarar gidan da za a shiga, kuma labarin halittar ne ke yanke ta. Orc jarumi ne mai jini a jika, mai ɗumi ya fi dacewa da shi. Tau kuwa da mai shan jini, mai sanyi.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki ruwan tokar da aka haɗa tun daga kamfani a ɗan gurɓata shi. Alal misali, a fentin Citadel akwai Mechanicus Standard Grey mai duhu, da Dawnstone matsakaici, da Administratum Grey mai haske. Su kaɗai sun fi kama da siminti. Amma in aka ɗauki kashi uku ko huɗu na ɗayansu aka zuba kashi ɗaya na launin fatar mutum, ko ruwan ƙasa mai ja, nan take sai abin ya canza. Kamfanin Vallejo na ƙasar Sifen shi ma yana da irinsu, kuma ba laifi a haɗa na wannan da na wancan tun da duk fentin akirilik ne mai tsinkewa da ruwa.

Hanya ta biyu ta fi daɗi ga wanda hannunsa ya fara faɗawa. A nan ba a taɓa baƙi sam. Shuɗi ake haɗawa da ruwan ƙasa mai duhu, su kashe wa juna kaifi, sannan a ɗaga su da launi mai haske. In shuɗin ya ɗan rinjaya a sami mai sanyi, in ruwan ƙasa ne ya rinjaya a sami mai ɗumi, kuma ana iya karkata shi nan ko can a jikin mutum-mutumi guda. Wannan ma tsohuwar dabara ce. Wani Bature mai zane da fentin ruwa, William Payne, wanda ya rayu daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa farkon na 19, ya shahara da wani ruwan toka mai duhu da yake haɗawa daga shuɗi da ja da rawaya, wanda har yau ake sayar da launi da sunansa.

Akwai 'yan tarkuna a wajen haɗin. Baƙi in ya gamu da rawaya kore yake bayarwa, wanda ya nemi ɗumama ruwan tokarsa da rawaya zalla sai ya tashi da launin ganyen da ya fara ruɓa. Fari zalla kuma yakan sa fenti ya yi gari-gari kamar alli, ya kuma sanyaya launin, shi ya sa aka fi so a haskaka da ruwan madara ko launin fata mai haske. Har ila yau, fentin akirilik yakan ɗan ƙara duhu in ya bushe, don haka a gwada a gefe, a jira, kafin a amince da shi.

Yadda ake shafawa

Da farko a kankare layin da ma'ajin zubi ya bari a jikin robar, a wanke da ruwa da sabulu, a bari ya bushe. Sai a fesa fentin share fage, wanda shi ne zai riƙe sauran. Da yawa sukan fesa baƙi ko'ina, sannan su fesa fari daga sama kawai, kamar rana ta take tsaka, domin su ga inda haske zai sauka da inda inuwa za ta kwanta. Dabara ce mai kyau. Amma ga fata ruwan toka mai rai, ni na fi son a juya dabarar Cennini. Shi ya sa kore a ƙarƙashin ja, mu kuma sai mu sa ja a ƙarƙashin toka. Wato a fara shafe duk inda fata take da ruwan ƙasa mai ja sosai, ko shunayya mai duhu, sannan a hau kansa da ruwan tokar, a bar wancan yana leƙowa a hammata da ƙarƙashin haɓa da tsakanin yatsu da duk wani lungu.

Kauri shi ne babban abokin gaba. In aka shafa fenti yadda ya fito daga kwalba, zai cike idanu da layukan tsoka, fuskar ta koma kamar an lulluɓe ta da kunu. Dole a tsinka shi da ruwa har ya yi kamar madara, a shafa, a jira ya bushe, a sake shafawa. Duncan Rhodes, wanda a baya ya daɗe yana koyar da fenti a bidiyon Games Workshop, ya yi ta nanata maganar shafi biyu marasa kauri har ta zame masa inkiya. Domin kada fentin ya bushe a faranti ana tsakar aiki, sai a sami ɗan mazubi mai murfi, a shimfiɗa jiƙaƙƙen soso, a ɗora takardar gashin burodi a kai, a riƙa haɗa launi a kanta. Wanda zai yi wannan aiki a lokacin da iska ta bushe, wannan farantin wajibi ne gare shi. Fentin mai na gini kuwa ko kusa kada a kawo shi.

Bayan an sami tushe mai kyau sai inuwa. Akwai wani tsinkakken fenti da aka yi don haka, wanda ke gangarawa da kansa ya taru a ramuka. Wanda ya fi suna a na Citadel shi ne Nuln Oil, baƙi ne, kuma hannun sabon shiga wajensa yake fara zuwa. A kan sulke da takobi ba shi da na biyu, a kan fata ruwan toka kuwa datti yake zama, ya mayar da mutum inda ya fito. Gara a ɗauki Druchii Violet mai launin shunayya, ko Carroburg Crimson mai ja, ko Reikland Fleshshade mai ruwan ƙasa, a ƙara tsinka shi, a bi ramukan kawai da bakin buroshi maimakon a yi wa jikin wanka da shi.

Daga nan sai haske, hawa-hawa. A koma kan launin tushe a shafa a wuraren da suka taso, a ƙara ɗan ruwan madara a shafa a wuri mafi ƙanƙanta, a sake ƙarawa a sake ragewa, har a ƙare da ɗan ɗigo a karan hanci da saman kumatu da goshi da kafaɗa da gaɓoɓin yatsu. Sabon shiga yakan ji tsoron wuce gona da iri, alhali a nan ƙarin gishiri ake so. Abu ƙarami ba ya yin inuwa mai ƙarfi da kansa, kuma daga nesa za a kalle shi a kan tebur, saboda haka sai an zurfafa duhun an ɗaga hasken fiye da yadda suke a jikin mutum na gaske.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda ke hura wa aikin rai, kuma shi ne aka fi tsallakewa. A ɗauki ja a tsinka shi ƙwarai har ya zama kamar ruwan da aka ɗauraye kofin zoɓo, a tsoma buroshi, a goge yawancinsa a jikin tsumma, sannan a ɗan shafa a inda jini ke kusa da fata: kan hanci, kunnuwa, leɓe, gwiwar hannu da ta ƙafa, gaɓoɓin yatsu, da duk wani tabo. A ja buroshin zuwa wurin da ake son launin ya fi yawa, domin inda aka ɗaga shi nan yake barin mafi yawan fenti. Shafi ɗaya ba a ganin komai, na biyu ma da kyar, wajen na uku ko na huɗu sai a ga fuska ta farka. Masu zanen fuska sun daɗe da lura cewa goshi yakan karkata wajen rawaya, tsakiyar fuska wajen ja, haɓa da muƙamuƙi kuma wajen shuɗi, musamman ga namiji mai aske gemu. Ko a kan ƙwayar dawa ana iya bin wannan tsari, kuma yana biya.

Ga matattu sai a bi Cennini kai tsaye. A janye jan nan daga hanci da kumatu, a maye gurbinsa da kore-kore ko rawaya-rawaya, a zagaye idanu da shunayya. In ana son ƙarin gaskiya, a tuna cewa jinin gawa yakan gangara ya kwanta a sassan da ke ƙasa, don haka a duhunta ƙafafu da yatsu da shunayya mai ja. Mai shan jini kuma, tun da ana siffanta shi da kyau da sarauta, an fi farawa da launi mai haske irin Rakarth Flesh a ɗaga shi zuwa Pallid Wych Flesh, a ja siraran jijiyoyi shuɗɗa a wuya da gefen goshi. Dodon dutse shi ne mai sauƙi. A goge buroshi har ya kusa bushewa a riƙa karta shi a jiki, gari-garin da yake bari shi ake so. Ko shi ma yakan fi kyau in an ɗan ɗumama cikinsa da tafin hannunsa da kewayen bakinsa.

Ga mai runduna guda a gabansa wanda ba shi da lokacin duk wannan, a 2019 Citadel ta fito da wani fenti mai suna Contrast, wanda shafi ɗaya ke ba da tushe da inuwa tare. Akwai ruwan toka a cikinsu, kamar Basilicanum Grey. Tun da shara-shara ne, abin da ke ƙarƙashinsa yana tasiri: a kan Wraithbone mai ruwan madara yakan yi ɗumi, a kan Grey Seer kuma ya yi sanyi. Yana rage wahala, amma jan hanci da kunne sai an bi da hannu.

Maƙwabtan launin

Ruwan toka ba shi da ra'ayin kansa, maƙwabcinsa ne ke juya shi. Wani masanin sinadarai na Faransa, Michel Eugène Chevreul, wanda aka naɗa shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins ta birnin Faris a 1824, ya sami koke cewa wasu zaruruwan ba su rinu da kyau ba. Da ya bincika sai ya tarar rinin lafiya lau yake, launukan da ke kusa da su ne ke yaudarar ido. A 1839 ya wallafa littafi a kan wannan. Abin da ya shafe mu a ciki shi ne, ruwan toka in ya zauna kusa da ja yakan yi kore-kore, kusa da ruwan goro ya yi shuɗi-shuɗi, kusa da shunayya ya yi rawaya-rawaya. Saboda haka wanda ya sha wahala ya haɗa fata mai ɗumi, sannan ya yafa wa jaruminsa jar alkyabba, kada ya yi mamaki in ya ga fuskar ta koma ta marar lafiya. Maganin shi ne a fente tufafin da wuri, ko da sama-sama ne, kafin a kammala fatar.

Wata matsalar kuma ita ce yawancin waɗannan halittu mayaƙa ne, sulkensu ƙarfe, makaminsu ƙarfe, ga shi an tsayar da su a kan dutse. In ba a yi hattara ba komai sai ya narke ya zama abu ɗaya. Dole a raba su: in fatar mai ɗumi ce ƙarfen ya yi sanyi, in mai haske ce ƙarfen ya yi duhu, a kuma sa ɗamarar fata ko tagulla ko ƙyalle mai launi a tsakaninsu. Gwaji mai sauƙi shi ne a ɗauki hoton aikin da waya a mayar da shi baƙi da fari. Duk inda fata da sulke suka haɗe a hoton, a ido ma sun kusa haɗewa.

Batun Drow

Akwai wata al'ummar almara da fentin fatarta ya wuce maganar buroshi. Su ne Drow, waɗanda Gygax ya shigo da su cikin Dungeons & Dragons a ƙarshen shekarun 1970. Dangin halittun nan ne masu dogayen kunnuwa da ake kira Elf, sai dai su a ƙarƙashin ƙasa suke zaune, gashinsu fari fat, fatarsu baƙa wuluk, kuma an siffanta su da mugunta tun daga haihuwa, alhali 'yan'uwansu masu farar fata su ne na kirki. Ba sai an yi wa ɗan Afirka dogon bayani kan abin da ke damun mutane a wannan tsari ba. Marubuci R. A. Salvatore ya ƙirƙiro wani jarumi nagari daga cikinsu, Drizzt Do'Urden, a wani littafinsa na 1988, amma shi ɗin ma an nuna shi ne a matsayin wanda ya fita zakka a cikin danginsa. Sannu a hankali masu zane suka karkata zuwa ba su fata ruwan toka mai duhu ko mai shunayya, a watan Yunin 2020 kuma kamfanin Wizards of the Coast, mai mallakar wasan, ya sanar cewa zai sauya yadda ake siffanta Drow da Orc, su zama al'ummu masu nagari da mugu kamar kowa.

Ta fuskar aiki ma ruwan tokar ya fi. Wanda ya fara da baƙi wuluk ya toshe wa kansa hanya, don babu abin da ya fi shi duhu da za a yi inuwa da shi. In aka fara da ruwan toka mai duhu da aka surka da shunayya, akwai wurin sauka akwai wurin hawa, ga farin gashin nan kuma yana ƙara fito da fuskar. Abin da za a kiyaye kawai shi ne kada hasken ya yi yawa. A bar kaso mafi girma na fatar cikin duhu, a taƙaita hasken a 'yan wurare, in ba haka ba sai Drow ya koma mai shan jini.

In aiki ya ɓaci

In an gamsu da aikin sai a fesa masa man kariya marar ƙyalli, domin hannu zai yi ta taɓa shi a wajen wasa, mai ƙyalli kuma yakan sa fata ta yi kamar jiƙaƙƙiyar roba. In kuwa ba a gamsu ba, ba a yi asarar mutum-mutumin ba. Masu wannan sha'awa a Ingila sun daɗe suna cire fentin akirilik da Dettol ɗin nan ruwan ƙasa da muka sani. A jiƙa shi a ciki ya kwana, a goge da tsohon buroshin haƙori, amma kada a kai shi ga ruwa sai fentin ya fita duka, don in ruwa ya taɓa shi da wuri yakan zama danƙo ya manne. A sa safar hannu, domin yana cin fata in an daɗe ana taɓawa.

Haka na yi wa nawa dodon. Na sake shi daga farko a kan shimfiɗar ruwan ƙasa mai ja, na ba shi inuwar shunayya da jan kunne, ya ci mini mako guda maimakon yammaci biyu. Sauran huɗun suna nan cikin kwali da launin robarsu, sai an yi hutu.